A bar yara su gwada da hannunsu: zuma, man gyaɗa da tire sun isa darasin kimiyya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, da fatan aiki na tafiya lafiya, Allah ya ƙara basira. Ni malamar firamare ce a nan Garwa, arewacin Kamaru, 'yan CM1 da CM2, wato aji 5 da 6, nake koyarwa, kuma a waya nake karanta ku tunda takardar ba ta iso mana nan. Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu wata magana ce da ta daɗe tana ci min rai, duk inda malamai ko iyaye suka zauna ana zancen kimiyya sai ka ji an ce ai mu ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da kayan aiki, sai dai mu jira a kawo mana. Gaskiya ne babu, ban musa ba, kuma ina cikin masu roƙon a kawo. Amma wallahi akwai darussa da yawa da kayansu na nan zube a madafar kowane gida, kuma yaran da muke cewa su jira ba jira suke ba, girma suke yi suna wucewa da hadda a kai ba tare da sun taɓa auna komai da hannunsu ba.

Misali ɗaya zan kawo, kaurin abubuwa masu ruwa. Me ya sa ruwa ke zuba shaaa, man gyaɗa na bin sa a hankali, zuma kuma sai ta ga dama? Duk yarinyar da ta taɓa dama kunu ta san wannan ya yi kauri wancan ya tsinke, abin da ba ta sani ba shi ne ana iya auna shi a sa masa lamba, kuma wannan lambar ce injiniyoyi da likitoci ke aiki da ita. Bayanin da nake yi wa yarana gajere ne. Abu mai ruwa idan yana gudana sassansa gogar juna suke, wani na riƙe wani. A ruwa riƙon kaɗan ne, a zuma kuwa kamar fitowa daga ƙofar masallaci ranar Juma'a ne, kowa na son wucewa amma kafaɗa na gogar kafaɗa dole tafiya ta yi nauyi. Wannan riƙon shi ne kauri. Daga nan bana ƙara magana, sai a kawo tire.

Tiren ƙarfe ko na tangaran mai santsi ake samu a wanke a goge ya bushe, a jingina gefe ɗaya a kan bulo ya ɗan karkata. A ja layi a sama, a auna santimita 20 da rula a ja wani a ƙasa. Sai a zo da ruwa, da man gyaɗa ko man auduga irin Diamaor ɗin nan na Sodecoton da ke kusan kowane shago, da sabulun ruwa, da madarar gwangwani mai kauri ta masu shayi, da zuma. Rabin ƙaramin cokali na kowanne ya isa, ba sai an yi ɓarna ba. Kafin a zuba komai kowane yaro ya rubuta a littafinsa wanne yake ganin zai zo na ɗaya, wanne zai zo na ƙarshe, wannan rubutun kar a tsallake shi dan Allah, don yaron da ya riga ya faɗi zatonsa shi ne ke zuba ido da gaske. Sannan a zuba a kan layin sama, ɗaya ya riƙe agogon waya, ɗaya ya ce "tashi", ɗaya ya tsugunna wajen layin ƙasa ya ce "ya iso".

Zaka ga abin mamaki Malam Edita, ba a tseren ba, a rigimar da ke biyo baya. Wani zai ce an cuci zumarsa don an zuba wa mai da yawa. Wata za ta ce ai lokacin da aka zuba sabulu tiren ya fi miƙewa, wani ya taɓa bulon. Wani ya ce mai riƙe da waya ya makara wajen dannawa. Malami mai gajen haƙuri zai daka musu tsawa a yi shiru, ni kuwa wannan gardamar ita nake nema, saboda da bakinsu suke gano cewa gwaji ba ya zama gwaji sai komai ya zo daidai in banda abu ɗaya da ake son a gani. Cokali ɗaya, karkata ɗaya, nisa ɗaya. Kuma su da kansu za su ce a sake, sai a sake sau 3 a ɗauki na tsakiya. Yaron da ya saba da haka tun yana shekara 10, in ya girma aka ce masa wannan maganin ya fi wancan ko wannan takin ya fi wancan, zai tambaya a ina aka gwada, kuma da me aka kwatanta.

In sun gama sai in ba su lambobin da masana suka auna su kwatanta da nasu. Idan aka ɗauki kaurin ruwa a zafin digiri 20 a matsayin 1, man gyaɗa yana wajen 50 zuwa 80 gwargwadon zafin wuri, zuma kuma daga 2,000 har 10,000 ko fiye, jinin jikinmu 3 zuwa 4. Yara na jin dubu goma sai su koma su kalli ɗigon zumar da har yanzu bai kai rabin tire ba, su ce lallai.

Akwai wani kuskure da kusan kowa ke yi har manya, shi ne ɗaukar kauri da nauyi abu ɗaya ne. A zuba ruwa rabin kofin gilashi, a tambaye su in na zuba mai a kai ina zai je? Da yawa za su ce ƙasa zai nutse tunda ya fi kauri. A zuba. Man ya hau sama ya zauna abinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, lita ɗaya ta man gyaɗa ba ta kai ba, wajen giram 910 take, ga shi ya fi ruwa kauri nesa ba kusa ba amma ya fi shi rashin nauyi. Zuma ita ta haɗa biyun, lita ɗaya wajen kilo 1.4, shi ya sa take wucewa can ƙasan kofi. In aka zuba ukun a hankali a kofi ɗaya za su jeru hawa uku, kuma yaro ba zai sake haɗa kauri da nauyi ba.

Na san wata 'yar'uwata malama za ta ce Hajiya ajinki ne ƙarami, mu da aji ya cika maƙil wasu a ƙasa suke zaune ina za mu samu zumar da za mu riƙa zubawa a tire kowace shekara. To ga wanda ba a asarar ko ɗigo. A tara ƙananan kwalabe iri ɗaya masu murfi, a wanke su sosai, a cika kowacce da abu ɗaya a bar ɗan wuri kaɗan a sama, a ɗaure murfi tamau. In aka kifa kwalbar, iskar da aka bari za ta taso sama a dunƙule, ta ruwa kafin ka kifta ido ta iso, ta mai tana tafiya kana kallonta, ta zuma kuwa har a gaji da jira. Ko a jefa ƙwayar boris na keke ko bil ɗin da yara ke wasa da shi a ciki kafin a rufe, a riƙa kifawa ana ƙirga sakan nawa yake yi ya sauka. Kwalaben nan za su yi shekara a cikin kwali, a raba yara rukuni rukuni suna zagayawa hannu zuwa hannu. Kuma ba wasan yara kawai ba ne, wani masanin lissafi na Jami'ar Kambirij a Ingila mai suna George Stokes ya fitar da lissafin saukar ƙwallo a cikin abu mai kauri tun 1851, har yau akwai na'urorin auna kauri da ke aiki da wannan dabarar, ƙwallo a cikin bututun gilashi da agogo.

Inda na fi so a daɗe shi ne maganar zafi, don mu nan Allah ya ba mu shi kyauta, a watan Maris da Afirilu Garwa na haura digiri 40. A raba zuma ɗaya gida biyu, a ajiye ɗaya a rana ɗaya a cikin kwanon ruwan ƙanƙara ko a gindin randa, bayan ɗan lokaci a sa su tsere a tire. Zuma ɗaya ce daga kwalba ɗaya amma sai ka rantse ba ita ba ce. Zafi na sa ƙwayoyin abu su ƙara motsi, riƙon da suke wa juna ya sassauta. Ko ruwa ma haka yake duk da ido ba ya gani, in ya kusa tafasa kaurinsa ba ya kai kashi ɗaya cikin uku na yadda yake a digiri 20. Daga nan sai in aike su gida da tambaya, ku je ku tambayi babanku ko yayanku mai moto, wato babur, me ya sa ake barin inji ya ɗan yi ɗumi da asubar hunturu, kuma ku karanto min abin da aka rubuta a jikin galan ɗin baƙin mai. Sai su dawo da 20W-50 ko 15W-40 a rubuce a tafin hannu. Lambobin nan na kauri ne, ta farkon mai W tana nuna yadda man yake gudana cikin sanyi, ta biyun kuma kaurinsa lokacin da inji ya yi zafi, in ya yi kauri da yawa ba zai zagaya da wuri ba, in ya tsinke da yawa ƙarfe zai ci ƙarfe. Akwai yaran da babu abin da ke tashe su a aji sai an ambaci inji, ranar nan su ne a gaba.

Haka ma bututun man da ya ratsa ƙasarmu. Ɗanyen man Doba na kudancin Cadi mai nauyi ne mai kauri, kuma tun 2003 ake tura shi ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 har bakin teku a Kiribi, da tashoshin famfo a kan hanya suna ƙara masa ƙarfi. Wanda ya lissafa faɗin bututun nan da ƙarfin famfon, da kaurin man ya yi lissafinsa. Tushen lissafin kuma wani likita ne Bafaranshe mai suna Poiseuille da ya yi ta nazarin yadda jini ke bin ƙananan jijiyoyi, a shekarun 1840 ya nuna cewa in ka ninka faɗin siririn bututu sau 2, abin da zai wuce ta ciki ba sau 2 zai ƙaru ba, sau 16 ne. Yara za su iya ganin alamar haka da man gyaɗa da tsinken shan lemo biyu, siriri da mai faɗi, tsawo ɗaya. Me zai hana ɗan Garwa ko ɗan Mundu ta Cadi ya zama shi ke wannan lissafin gobe?

Sai wanda ke sa aji ya kaure da ihu. A samu garin sitaci, Maïzena ko sitacin rogo, awo 2 na gari awo 1 na ruwan sanyi, a cakuɗa a kwano da hannu a hankali, in ya yi ruwa a ƙara gari kaɗan. Ka sa yatsa sannu sannu ya nutse har ƙasa. Ka kai masa naushi ya ƙi, ya yi tauri. Ka damƙo ka mulmula da sauri ya zama curi a hannunka, kana tsayawa ya narke ya zube ta tsakanin yatsu. Dalili shi ne sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi, ƙananan ƙwayoyi ne ke yawo a ciki, in ka bi su a hankali suna samun lokacin kaucewa juna, in ka zo da ƙarfi sai su cushe su cije. Masu yin koko sun san wannan taurin a gasarar da ta kwanta a gindin bokiti. Ruwa da mai ba sa haka, ko ka juya da ƙarfi ko a hankali kaurinsu ɗaya ne muddin zafi bai canza ba, amma wannan kaurinsa ya danganta da yadda ka taɓa shi. Miyar kuɓewa da karkashi da lalo su kuma wani iri ne daban, yauƙinsu na zuwa daga wasu dogayen zarurruka da ido ba ya gani masu sarƙe juna, shi ya sa in ka ɗaga ludayi miyar ke biyo shi. Iyayenmu na cewa tsami na kashe yauƙi, to a jiƙa yankakkiyar kuɓewa a kofi biyu a matsa lemon tsami a ɗaya, yara su ɗaga cokali su auna tsawon zaren da rula su gaya mana.

Wanda ya fi taɓa min zuciya kuwa na kunu ne, kuma iyaye mata nake so su ji wannan. A dama kunu mai kauri a bari ya huce, a raba kofi biyu. Ɗaya a rufe a ajiye. Ɗayan yaro ya riƙa sha da cokali yana lasa yana mayarwa yana juyawa. Ba a daɗe ba za a ga na biyun ya tsinke ya zama ruwa ruwa alhali ba wanda ya ƙara masa ko ɗigon ruwa. A cikin yawu akwai wani sinadari da ake kira amilas mai yanyanka sitaci ya mai da shi sukari, sitacin na yankewa kauri na tafiya. Irin wannan sinadarin yana cikin hatsin da ya tsira, gero ko dawa ko masara. Amfanin sanin haka babba ne, jaririn da aka fara ba wa kunu bayan wata 6 ba ya iya haɗiyar mai kauri, sai uwa ta yi ta ƙara ruwa, cikinsa ɗan ƙarami ya cika da ruwa abincin kaɗan ne. Masana abinci mai gina jiki sun daɗe suna koyar da cewa a dama kunun da gari mai yawa, a sauke, a barbaɗa ɗan garin tsiro tun yana da ɗumi, sai ya saki ya yi laushi ba tare da an tsarma shi ba, a mayar wuta ya ɗan tafasa. Yarinyar CM2 da ta ga haka da idonta ita ce ke goyon ƙanenta in ta koma gida.

Kuma kar a ce wannan na 'yan lakwal, wato makarantar boko, ne kawai. Almajiri da ke haɗa tawada ya san in ƙaro ya yi yawa alƙalami ba ya sakinta, in ya yi kaɗan ta zarce a kan allo, kullum yana daidaita kauri ne. Cadi na cikin manyan ƙasashen da ke fitar da ƙaro a duniya bayan Sudan. A jiƙa ƙaro a kofi uku, awo 1, awo 2, awo 3 a ruwa daidai, a sa su tsere a bayan tire, darasi ya samu a tsangaya ma.

Gargaɗi kaɗan tunda da yara ake. Kar a kusanto da fetur ko kalanzir ko zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, ko don a nuna rashin kaurinsu, tururinsu kaɗai na kama wuta. Baƙin man da aka juye daga inji guba ne kar yaro ya taɓa. Ba a ɗora mai a wuta don wannan gwajin, rana ta isa. A gaya musu tun farko ba a lasar komai a kan tire tunda akwai sabulu, kuma jaririn da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma sam. Wani abu kuma, kar yara su tafi da tunanin cewa duk zuma mai kauri ita ce mai kyau, kaurin zuma na bin yawan ruwan da ke cikinta ne da zafin wuri, zumar ƙwarai ruwanta ba ya wuce kashi 20 cikin 100, amma mai ha'inci na iya dafa sukari ya yi kauri fiye da zumar Adamawa ta gaske, tire ba ya kama shi.

Idan yaro ya ce ya gaji da jiran zuma nakan ba shi labarin Jami'ar Kwinsland ta Ostiraliya. A 1927 wani farfesa mai suna Thomas Parnell ya narka wani baƙin abu mai tauri dangin kwalta, wanda in ka buga masa guduma farfashewa yake, ya zuba a mazurarin gilashi ya bar shi ya zauna, a 1930 aka yanke bakin mazurarin. Ɗigon farko bai faɗo ba sai 1938, na 9 kuma a 2014. An ƙiyasta kaurinsa ya fi na ruwa sama da sau biliyan 100, kuma gwajin na nan ana ci gaba da kallonsa.

Roƙona gare ka Malam Edita, a ware mana ko rabin shafi ne a mako don irin wannan, da Hausa mai sauƙi, da kayan da ake samu a kasuwar unguwa, yadda uwa ko yaya ko malamin allo zai karanta ya yi da yara a tsakar gida. Kuma ina da shawarar na farko. A sa rana ɗaya da ƙarfe ɗaya, yaran Kuseri da Injamena da Marwa da Garwa da Gaundare su zuba rabin cokalin man gyaɗa a tiren da aka jingina a kan bulo ɗaya, nisan santimita 20, su turo sakan nawa ya yi tare da zafin garinsu na ranar. Gaundare na kan tudu sama da mita 1,000 ta fi mu sanyi, ina so yarana su ga ko lambobin za su nuna haka, in kuma ba su nuna ba su zauna su yi gardamar dalili, tire ne ya bambanta ko man ne ko mai riƙe da agogo. In kun buɗe shafin ni zan fara turo na ajina.

Na gode da ba ni wuri. Wassalam.

Taku,
Wata malamar firamare, Garwa, Kamaru